Da Sauƙi, In Ji Yaya

A garinmu mutum yana iya mutuwa da sauƙi. Ba wai mutuwa marar wahala nake nufi ba. Ka je dubiya da hantsi, ka tarar da marar lafiya ido ya kafe, haƙora sun datse, ka ce ya jiki, a ce maka da sauƙi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da wannan kalma aka raine ni, ni ma na faɗe ta ba adadi, kuma ban taɓa tsayawa na dubi cikinta ba sai da ta cinye mini rabin hannu.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Matameye, 'yan ajin farko nake koyarwa tun ina da sauran ƙuruciya. Wanda bai taɓa shiga irin ajinmu ba, ba zai gane darajar saman tabulo ba, wato babban allon nan na bango. Yara sun cika ɗaki maƙil, kai a bayan kai, na baya ba ya ganin komai sai abin da aka rubuta can sama. Malamin da hannunsa bai wuce kansa ba, rabin aji yake koyarwa, sauran rabin ɗumama benci suka zo yi.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya kauce wa amalanke, ya zubar da ni a bakin kwalta. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, ya tashi yana duba fitilar babur ɗinsa. Ni kuwa a kan kafaɗar dama na sauka. An fara kai ni wurin maɗori kamar yadda aka saba, ya ja, ya murɗa, ya tofa, ya ɗaure da karare, ya ce kafin sabon wata zan yi daka. Da aka gaji da jiran dakan, aka kai ni Damagaram aka ɗauki hoton ƙashin, sai ga kansa ya farfashe kamar an daka gyaɗa. Babu abin ɗorawa. Aka ce sai dai a cire shi a sa na ƙarfe.

Yayana ne ya kai ni Kano. Tun rasuwar maigidana shi ke tsaye a kaina, gidansa da nawa katanga ɗaya. Alhaji ne, ɗan kasuwar wake, ya san Kano tun yana saurayi yana zuwa cin rani. Bari in faɗi gaskiyarsa kafin in fara: shi ya ɗauki nauyin komai, a barandar asibiti ya riƙa kwana, kuma har yau bai taɓa yi mini gori ba. Mutumin kirki ne, irin mutanen kirkin nan da idan suka cuce ka ba ka da wurin kai ƙara.

Likitan da ya yi aikin mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce, amma yana ƙoƙari. Ranar sallama ya zauna ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce ƙarfe ba ya ciwo, naman da ke kewaye da shi ne zai yi ciwo, kuma naman nan in aka bar shi a kwance ƙagewa zai yi, ya riƙe ƙarfen gam. Ya nuna mini yadda zan sunkuya in saki hannun yana lilo, da yadda daga baya zan fuskanci bango in riƙa hawa da 'yan yatsu, kaɗan-kaɗan, kullum a ɗara na jiya. Ya ce in riƙa ɗora ƙanƙara. Sa'an nan ya ɗaga wani kwalin magani ya kaɗa shi.

"Mama, wannan mai ƙarfi ne. Ki sha kafin ki motsa hannu, ba bayan kin yi kuka ba. Na ɗan lokaci ne, in ciwo ya ragu mu rage. In ciwo ya hana ki motsi, ki faɗa mini. Ni ba na gani daga nan."

Na ce, "Likita, zan koma aji? Hannun zai wuce kaina?"

"In kin yi aikinki, zai wuce."

Ya karɓi lambar Yaya, don shi ke da layin Najeriya. Ashe a nan gizo zai yi saƙarsa.

Bayan mun tsallake iyaka motar ta faɗa wani rami, na ji kamar an soka mini basilla a kafaɗa. Na ce Yaya ya ciro mini maganin. Yana ɓallo ƙwayar, direba ya hango ta madubi, ya kwashe da dariya.

"Alhaji, ai wannan tramol ce! Ita yaranmu na tasha ke sha su wuni a kan babur ba ci ba sha. Kwalin ne kawai daban."

Nan take kowa a cikin motar ya fara tofa albarkacin bakinsa. Yaya ya mayar da ƙwayar, ya sa kwalin a aljihun gaba, ya dafe shi da hannu har muka iso gida, sai ka ce ya kama ɓarawo.

Da aka shimfiɗa mini tabarma na ce, "Yaya, maganina fa?"

"Wane magani? Ƙwaya dai. Tana cikin masai."

"Likita ne fa ya rubuta."

"Likita ba ɗan garin nan ba ne. Ni da nake tashi a masallaci ina faɗa da 'ya'yan mutane a kanta, a wayi gari a ce ƙanwata, uwar yara, malamar lakwal, tana haɗiya? Ga farasitamol nan, ga addu'a. Iyayenmu da suka karye a gona da me suka warke?"

Na so in ce masa iyayenmu ba a yanke musu ƙashi da zarto an dasa ƙarfe ba, kuma da yawansu da shanyayyen hannu suka tafi kabari. Amma ni ƙanwa ce, ga ciwo, ga gajiyar hanya. Ba kuma cewa nake ban san ɓarnar ƙwayar nan ba. Akwai yaran da na koya wa riƙon alli da hannuna, yanzu suna tafe a titi suna magana su kaɗai. Sai dai wuƙar da ke hannun ɓarawo ita ce a hannun mahauci, ban kuwa taɓa jin Yaya ya ce a daina cin nama ba.

Ba zan iya kwatanta ciwon nan ba, na ma daina ƙoƙari, don na lura masu tambaya ba sa son ji. Kwanciya ta gagara, a jingine nake barci, in barcin ya ga damar zuwa. Tari ya zama abin tsoro, atishawa kuwa tun tana hanya nake salati. Farasitamol yana taɓa shi ne kamar yadda yayyafi ke taɓa ƙasar bazara. Da na sunkuya zan yi lilon da aka ce, sai in ga duhu, gumi ya karyo, in lalubi bango da hagu.

Ƙanƙara ce kaɗai ke ɗan lallashinsa. Maƙwabciyata mai firigo tana aiko mini da ƙulli a leda, in wuta ba ta ɗauke ba. Ita ma sai da aka yi mini shari'a a kanta. Matar Yaya ta shigo ta gan ni da leda a kafaɗa, ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Sanyi a kan ciwo? So kike ya shige ki har ɓargo? Karaya ai gashi take so."

Washegari ta zo da ruwan zafi da tsumma da man kaɗanya. Na ce ta mayar, ta fita tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi cewa lakwal ta gama da ni. Ranar da ta tarar ina cin tuwo da hagu kuwa, har da ƙwalla ta yi. Hannun da ke rataye yana ci na da rai bai taɓa sa ta ƙwalla ba.

Sai 'yan dubiya. Allah ya saka musu, sun zo, har daga Kurni da Yauri. Kowace ta shigo da maganinta a baki. Wannan ta ce kitsen damo, waccan ta ce rubutun sha, wata ta ce ƙarfe a jiki yana jawo aradu, in yi hankali da damina. Wata tsohuwa ta matso ta tambaye ni a hankali ko in na mutu sai an cire ƙarfen kafin a binne ni. Tambayarsu ta farko kuwa ɗaya ce, amsar ma tun daga gida suka taho da ita. Ya jiki? Kafin in buɗe baki matar Yaya ta ce da sauƙi, su ce to madalla, a shiga hirar tsadar hatsi.

Da farko ni ma ina faɗa, baki ya saba. Ranar da na daina, matan unguwa ne suka zo a ƙungiya, na tashi daga bango ke nan, hawaye bai bushe ba. Babbarsu, wata Hajiya da ba a raba ta da tasbaha, ta ce, "Madam, ya jiki?"

Na ce, "Babu sauƙi, Hajiya. Gara jiya da yau."

Da ashar na lailayo musu da ya fi musu daɗin ji. Tasbahar ta tsaya cak. Wata ta ce subhanallahi, wata ta ce a'a Madam, ba a faɗin haka, ai sai godiya. Na ce na gode wa Allah, amma ciwo yana nan, Shi ma Ya sani, wa zan ɓoye wa? Suka tashi, ko ruwan da aka kawo musu ba su sha ba. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni dai nawa a nan suka bar mini shi.

Kafin magariba labari ya zaga gari, wai Madam ta yi wa Allah butulci. Masu tausayi suka ce allurar barcin da aka yi mini a asibiti ce ta taɓa mini kai. Yaya ya shigo fuska a murtuke.

"Me kike so a ce da gidanmu? Marar lafiya ya ce babu sauƙi? Sauƙi na Allah ne, faɗinsa ake yi ya zo. Likitanki ma ya kira ɗazu."

Na ce, "Ya kira? Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na ce da sauƙi. Ya ji daɗi ƙwarai. Ai ba yau ya fara kira ba."

"Ka gaya masa ka zubar da maganin?"

"Bai tambaya ba."

"Yaya, don Allah ba ni lambarsa."

"Ki ce masa me? Mutumin da ya yi mana ƙoƙari, ki kira shi ki ce aikinsa bai yi ba? Ki kunyata mu a ƙasar mutane?"

Ka ji fa. A wurin Yaya, faɗa wa likita inda ke ciwo rashin kunya ne, kamar ka ci tuwon mutum ka ce miyar ba gishiri. Wayar kuwa a aljihun gaba take, inda kwalin ya zauna, ko alwala zai yi ba ya ajiye ta.

Na lallaɓa asibitin garinmu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya tausaya mini, amma ya ce irin wannan magani ba ya bayarwa sai da takardar wanda ya yi aikin, kuma gaskiyarsa ce. Takardun suna wurin Yaya. Da na so da na samu a tasha, kowa ya san masu sayarwa. Amma wa zan aika? Wa ya san abin da aka dama a cikin ta tasha? Wadda aka auna mini tana masai, wadda ba a auna wa kowa ba tana kan tire ana talla.

Sai na koma bangona. Na riƙe alli da hagu, duk inda yatsun dama suka tsaya in ja layi. Da farko layukan suna hawa, ko da kaurin tsinke ne. Nakan cije bakin mayafi in tura, in tura, har kunnuwana su ɗauki ƙara. Amma jiki ba jaki ba ne da za a yi ta duka yana tafiya. Da ya gane abin da ke jiransa, tun kafin in taɓa bango yake ɗaurewa. Aka kai lokacin da layin yau ke hawa kan na jiya. Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai, layin nan yana daidai hancina bai gusa ba. Na ji tsoro sosai, don na san abin da daidai hanci yake nufi a gaban tabulo.

Ranar da aka ce mu koma Kano ta zo ta wuce. Yaya ya ce ana tsakiyar noma, ga hanya ta lalace, ga shi kuma likita da bakinsa ya ce tunda da sauƙi babu gaggawa. Wato da sauƙin da ya aika Kano ya dawo masa da riba. Sai da hutun lakwal ya kusa ƙarewa na ce masa ko ya kai ni, ko in je tasha in hau mota ni kaɗai gari ya gani. Wannan kam ya ji, don akwai gari a cikin maganar.

Likita ya tarbe mu da fara'a. "Mama mai sauƙi! Ɗaga mu gani."

Na ɗaga. Ya ce in ci gaba. Na ce nan ne ƙarshe. Ya kama gwiwar hannun ya tura sama a hankali, na ƙwalla ƙara, kafaɗar ta ƙi kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Fara'ar ta ɓace. Na kwashe komai na faɗa masa, da masai, da bango, da layukan alli. Ya juya wurin Yaya.

"Alhaji, kullum na kira, ka ce da sauƙi. Ni na san sauƙi. Sauƙi shi ne ciwo yana tafiya. In ba ka son wancan magani, akwai wani. Akwai allura, akwai hanya da yawa. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Na zuba ido in ga Yaya ya ji kunya. Wallahi bai ji ba. Mamaki ne a fuskarsa, mamaki na gaskiya, irin na wanda aka tuhuma da laifin yin sallama.

"To likita, in an ce ya jiki, me ake cewa?"

Likita ya dube ni. Ni dai na taɓa gwada wata amsa, na kuwa ga yadda aka yi da ni.

Ya ce naman ya riga ya ƙage. Ya rubuta wani magani, ya haɗa ni da masu gashin ƙashi, ya ce za a ɗan samu ƙari, amma kada in sa rai hannun zai sake wuce kaina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa nawa a gaban idona ya bushe, ana ta yi masa madalla. A hanyar dawowa Yaya ya saya mini kilishi, ya ce ai likita ya ce za a samu ƙari, alhamdu lillahi.

Da aka buɗe lakwal na koma aji. Na rubuta harafin farko daidai fuskata, na juyo, sai na ga na baya suna miƙa wuya, wasu sun hau benci. Na gwada da hagu, rubutun ya fito kamar sawun kaza, yaran kuwa suka kwafe shi yadda yake, don a wurinsu abin da Madam ta zana shi ne harafi. Ni ma na koma hawa benci, da girmana. Ranar da ƙafa ta zame na sha da ƙyar, labari ya kai ga darekta. Ya kira ni, ya ba ni kujera, ya yi ta kewaye-kewaye. A ƙarshe dai ajina an ba wata sabuwar malama, ni kuma an ba ni makullin ɗakin ajiya, in riƙa raba wa malamai alli da littattafai.

"Madam, wannan aikin zai fi miki sauƙi," in ji shi.

Na dube shi har ya sunkuyar da kai, bawan Allah bai san abin da ya taka ba.

Ɗakin ajiyar yana jikin ajin nawa. Ina zaune a cikin kwalayen alli ina jin yara suna bin haruffa da ƙarfi a bayan muryar wata. Yarinyar tana da ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba, hannunta kuma yana kaiwa har saman tabulo ba tare da ta san wani abu take yi ba. Wannan yana yi mini ciwo fiye da kafaɗar, kuma shi babu wanda ya taɓa zuwa dubiyarsa.

Layukan allin suna nan a bangon ɗakina, na hana a shafe. Yaya kuwa bai fasa ba. Kullum da safe kafin ya wuce kasuwa sai ya tsaya a bakin ƙofata ya yi sallama, ya ce, "Madam, ya jiki?"

Na daina amsa masa da baki. Nakan miƙe, in ɗaga hannun a hankali har ya tsaya inda yake tsayawa, ɗan sama da hancina, in riƙe shi a nan yana rawa. Da can yakan dubi hannun. Yanzu ƙasa yake kallo, yana murza bakin rigarsa, ya daɗe kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Sai ya ce, a hankali, "To, alhamdu lillahi. Da sauƙi."